Ɗauko mai jinya ta kuɗi ga uwar miji: taimako ne ko abin kunya?

Maman Ihsan (Ƙofar Marusa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango. Wata goma sha huɗu ke nan da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta faɗi a banɗaki da asuba. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ma sai ka kasa kunne sosai. Da aka sallame mu daga asibiti aka ce gidanmu za a kawo ta, tunda shi ne babba. Ban ce uffan ba, uwa ce. Ni ke yi mata wanka, ni ke canza mata famfas, ni ke dama kunu in ba ta da cokali, ni ke tashi cikin dare in juya ta. Ga yara huɗu, ga makarantar firamare da nake koyarwa, uzurina har ya fara gundurar mutane. Shekaranjiya wajen ɗaga ta daga katifa bayana ya riƙe, da rarrafe na kai bakin ƙofa. Sai na ce wa maigidan mu nemi mace mu riƙa biyanta, ta kama mani ko daga safe zuwa la'asar ne. Shi bai ƙi ba. Amma da maganar ta kai kunnen ƙannensa mata, sai suka ce uwar da ta haifi bakwai ba za a ɗauko mata bare ta ga tsiraicinta ba, wai abin faɗi ne a garin nan na Katsina. Su kuwa sai Juma'a suke zuwa da ayaba da lemo, a yi hoto, kafin magariba kowacce ta ja mayafinta. Don Allah ku gaya mani gaskiya, laifi na yi?

Baban Walid: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Amma 'yar'uwa ki ƙara haƙuri. Mu da muka taso, kakarmu shekara shida tana kwance a ɗakinta a cikin gari, ba a taɓa biyan kowa ko anini ba. Wannan ɗaukar ma'aikaciya ɗabi'ar Turawa ce, yau mai jinya, gobe sai a ce a kai ta gidan gajiyayyu. Ladan da kike kwasa ba ki san yawansa ba.

Sista Mai Ritaya (Rafindadi): Baban Walid, kafin mu yi nisa, kakar taku wa ke wanke ta?

Baban Walid: To, iyayenmu mata mana. Su huɗu ne a gidan, ga matan baffanninmu.

Sista Mai Ritaya (Rafindadi): Yauwa, ka ba kanka amsa. Gidan gandu ne, mata sun kai goma, ana karɓa-karɓa kamar girki. Ita wannan baiwar Allah ita kaɗai ce a gida mai ɗaki uku, kuma tana fita aiki. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin jinya, har a asibitin Babbar Ruga na zauna lokacin da Dakta Kees, likitan nan ɗan ƙasar Holan, yake ɗinkin masu yoyon fitsari, kuma abin da na gani shi ne mai jinya kan kwanta ciwo kafin majinyaci ya tashi. Wanda jikinsa ya shanye ana juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. In aka yi sakaci sai fatar ƙugu da ta diddige ta yi ja, ta sale, ta zama gyambon kwanciya. Gyambon nan yana cin nama har ƙashi, kuma shi ke kashe da yawa daga cikinsu bayan ciwon farko ya lafa. Ku lissafa mani, sau goma sha biyu a yini, mutum ɗaya, wata goma sha huɗu. Ƙanwata, sannu. Ki je a duba bayan nan kada ki yi wasa da shi.

Hajiya Ƴar Kasuwa: Sista kin gama magana. Masu ayabar Juma'a su zo su kwana uku a jere mu gani.

Baban Walid: Ni ban ce ba wahala ba. Cewa na yi akwai lada, kuma mace ta gari ba ta ƙyamar uwar mijinta.

Malam na Filin Samji: Bismillah. Na ga ana jefa maganar lada, bari in saka baki kaɗan. Ayar da ta ce kada ka ce wa iyaye ko "uf" idan tsufa ya riske su a wurinka, tana cikin Suratul Isra'i, kuma da ɗa take magana a kan iyayensa. Wajibin kula da Hajiya yana wuyan 'ya'yanta bakwai ɗin nan, maza da mata. Matar ɗa idan ta yi, kyautatawa ce da zumunci, Allah zai ba ta lada mai yawa, amma malamai ba su ɗora mata shi a matsayin farilla ba. To wanda farilla ke kansa ba shi da bakin da zai hana mai nafila neman mataimaki. Batun tsiraici kuma, mace ta kula da mace saboda lalura halas ne, kamar yadda ungozoma da nas suke yi. A rufe abin da babu buƙatar buɗewa, shi ke nan. Ɗaukar mutum aiki a biya shi lada, ijara ce, babu malamin da ya hana. Shayar da jariri ma shari'a ta yarda a biya wata ta yi, balle wankin tsohuwa.

Baban Walid: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan hukunci. Amma idon mutane fa?

Hajiya Ƴar Kasuwa: Idon mutane ba ya wankin zanin fitsari.

Ƴar Mai'adua: Salamu alaikum. Ni ce baren da ake magana a kai, don haka ku ba ni dama. Shekara biyar ke nan ina wannan aiki, gidaje huɗu na yi tsakanin Daura da Katsina. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, ba ni da jari, abin da na iya shi ne jinya, don ni na yi ta mahaifiyata har Allah ya karɓi abinsa. Gidan farko da na shiga, da aka yi baƙi sai matar gidan ta ce wai ni 'yar uwarsu ce daga ƙauye, don kada a ce sun ɗauko mai aiki. Ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne an ɗauke ni don tsohuwa, kafin wata guda na zama mai wanke-wanke, mai shara, mai rainon jarirai, har aiken kasuwa. In tsohuwa ta ɓata jikinta ina can ina wankin kayan yara, ni za a yi wa faɗa. Safar hannu ma sai na roƙa, wani lokaci leda nake ɗaurawa a hannu. Kuɗin wata kuwa sai ya kai sha biyar ga wani watan, in ka tambaya a ce ba ka da tausayi, ana cikin jinya kana maganar kuɗi. To ni da me zan ciyar da nawa?

Amma kada in yi butulci, gida na uku mutanen kirki ne. Dattijuwar tana da rikicin tsufa, takan tashi ƙarfe biyun dare ta ce za ta tafi gidan babanta, wanda ya rasu tun kafin a haife ni. 'Ya'yanta kan yi ta gardama da ita, suna cewa Inna ai ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka gaya mata. Ni kuwa sai in ce to Inna bari gari ya waye mu tafi tare, zauna in shafa maki mai a ƙafa. Kafin in gama ta yi barci. Ranar da ta rasu kanta a cinyata yake. Har yau babban ɗanta yana aiko mani da buhun gero duk kaka. To ku gaya mani, ni bare ce a wurin matar nan?

Maman Ihsan (Ƙofar Marusa): Wallahi Yaya kin sa ni hawaye. Idan ba damuwa, nawa ya kamata a biya? Ina tsoron in zalunci mutum, ina kuma tsoron abin da ba za mu iya ba.

Ƴar Mai'adua: Ya danganta, ƙanwata. Na wuni daban, na kwana daban. Mai iya tashi da kansa daban, wanda sai an ɗaga shi daban. Ni inda nake yanzu dubu arba'in da biyar ake ba ni, da abinci, da hutun Juma'a. Abin da zan ce maki, ku zauna tun ranar farko a gaban shaida ku faɗi aikin da za ta yi da wanda ba nata ba, da ranar biya, da ranar hutu. Wannan ya fi ƙarin dubu biyar daraja.

Lauya ɗan Ƙofar Soro: Maganarta daidai ce, kuma a rubuta ko a takardar littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu. Don a sani, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan mai aikin gida ba ta da wannan kariyar, sai abin da aka yi yarjejeniya a kai. Shi ya sa takardar take da muhimmanci.

Ummi daga Ingila: Ina ta bin zancen daga nan, yanzu na sauka daga aikin dare. Abin dariya abin takaici, aikin da Yaya ta Mai'adua take yi ana ɓoye ta, shi ne dai nake yi a nan, kuma in na zo gida hutu har rangaɗa mani guɗa ake yi wai 'yar Landan ta dawo. Wallahi kashi ɗaya ne, fitsari ɗaya ne. Bambancin shi ne kafin a bar ni in taɓa kowa sai da aka koya mani yadda ake ɗaga mutum ba tare da na karya bayana ba. Wanda ba ya iya tsayuwa akwai na'urar ɗagawa, kuma mutum biyu ake turawa. Kowane majinyaci yana da littafinsa, in rubuta abin da ya ci, maganin da ya sha, yadda na ga fatarsa. Wannan littafin ba ya buƙatar fam ko dala, Maman Ihsan ki sayi mai shafi arba'in ki ajiye a gefen gadon Hajiya. Baban Walid kuma, da yawan tsofaffin da nake zuwa wurinsu a gidajensu suke, ba a gidan gajiyayyu ba. Ana tura mu ne don kada a raba su da ɗakinsu.

Ɗan Autan Sabuwar Unguwa: Anti Ummi don Allah ya ake samun hanyar? Akwai wani da ya ce in kawo miliyan takwas zai samo mani takardar ɗaukar nauyi. Ina tunanin sayar da filin gado.

Ummi daga Ingila: Ƙanena, rufa wa kanka asiri! An buɗe ƙofar bizar aikin jinya ta Ingila a Fabrairun 2022, a Maris na 2024 aka hana masu zuwa ɗauko iyalinsu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Ko lokacin da take buɗe, takardar ba ta sayarwa ba ce a doka. Na san mutanen da suka biya, suka iso suka tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba su, suna kwana a falon mutane. Filinka ya fi.

Ɗan Autan Sabuwar Unguwa: Innalillahi. Na gode Anti, har na ba shi dubu ɗari biyu na fom.

Shugaban Zaure: Ɗan Auta, ka tuntuɓi Lauya a gefe. Jama'a mu dawo kan maganar Maman Ihsan.

Mai Keke na Shadambu (Daura): Tun ɗazu nake karantawa ina jira in ga wanda zai yi tambaya ɗaya, ba wanda ya yi. An ji ra'ayin ƙannen miji, an ji na Malam, an ji na Baban Walid da ko gidan bai sani ba. Ita Hajiyar fa, an tambaye ta? Jikinta ne za a wanke. An ce maganarta tana da wuyar ji, ba a ce hankalinta ya gushe ba.

Ni shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, yanzu ina da arba'in da ɗaya, ina gyaran waya a bakin kasuwa, da mata da yara biyar. Abin da ya fi ci mani rai tun ina yaro ba ƙafar ba ce. Sai a tsaya a kaina a tambayi wanda ya turo ni, "Me yake so?" kamar kunnena ne ya shanye. Ranar da na je buɗe asusu a wani banki, matakala bakwai, ƙofar nan mai juyawa ba ta ɗaukar keke, sai aka fito mani da takardu a rana. Ina cikin cikewa wata mata ta jefa mani naira hamsin a cinya. Da na ce Hajiya ba bara nake ba, ita ce ma ta yi fushi. To irin wannan ne ake yi wa tsofaffinmu a cikin gida, da sunan ƙauna.

Maman Ihsan (Ƙofar Marusa): Malam, ka kunyata ni, kuma gaskiyarka ce. Wallahi ban tambaye ta ba. Ina jin nauyin kada ta ɗauka na gaji da ita.

Mai Keke na Shadambu (Daura): Ta riga ta san kin gaji, ƙanwata. Mu da ake ɗagawa mun fi kowa sanin lokacin da hannun mai ɗagawa ya fara rawa.

Lauya ɗan Ƙofar Soro: Abin da aka yi maka a bankin nan akwai doka a kansa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, marigayi Shugaba Buhari, mutumin garinku, ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta ce a ba ku gaba a layi, ta kuma haramta a yi amfani da mai nakasa wajen bara. Ita ce ta haifar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020, James Lalu ya fara riƙe ta, shi kurma ne. A 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan, ɗan Filato, shan inna ce ta kama shi kamar kai, kuma an san shi da ƙera kekunan guragu a Jos yana rabawa tun kafin muƙamin.

Mai Keke na Shadambu (Daura): Barista, na san dokar kusan da ka, duk 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, sai an karanta mana ita a taro, a ba mu hula da riga da ruwan leda. Gufwan na ji daɗin naɗinsa, don wanda ya yi rarrafe a ƙasa ya san zafin kwalta da rana. Amma ka zagaya daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Ƙwaya ka ƙirga mani gine-ginen da zan shiga ba tare da an ciccibe ni ba. Masallatai ma, da yawa sai in tsaya a waje in bi sahu daga kan keke. Alhali Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, ladani ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin shi ya riƙe Madina. Mu a nan an tsayar da mu a sarautar Sarkin Guragu da Sarkin Makafi. Ba raina su nake ba, suna sasanta rigima suna haɗa aure, amma aikinsu ya fi yawa ranar rabon zakka.

Baban Walid: Wannan kam gaskiya ne. Masallacin unguwarmu matakala biyar ne, ban taɓa lura ba sai yanzu.

Mai Gashi (likitan motsa jiki): Na shigo a makare. Maman Ihsan, ana kai Hajiya gashi kuwa?

Maman Ihsan (Ƙofar Marusa): Mun yi wata biyu muna kai ta, sai muka bari. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin Keke Napep ya ninka, kuma shigar da ita ciki sai mutum uku. Yanzu wata tsohuwa ce ke zuwa tana gasa mata da ruwan zafi da ganye.

Mai Gashi (likitan motsa jiki): Don Allah a dakatar da ruwan zafin nan yau. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, za a iya ƙona ta ba ta sani ba, na ga irin haka ba sau ɗaya ba. Sunan "gashi" ne ke ruɗar mutane, aikinmu motsa gaɓoɓi ne da koya wa jiki abin da ya manta. An fi samun sauƙi a watanni uku zuwa shida na farko, amma ko yanzu ba a makara ba, aƙalla a hana gaɓoɓin sandarewa. Kada a ja ta ta hannun da ya mutu idan za a tayar da ita, kafaɗar na iya gocewa. Kada a ba ta abinci tana kwance, a zaunar da ita sosai, a bar ta a zaune kamar rabin awa bayan ta gama. In tana tari ko ƙwarewa wajen shan ruwa a faɗa wa likita, don abinci kan bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu. Maganin hawan jini kuma ba a barinsa don an ga sauƙi, bugu na biyu ya fi na farko muni. Bayanki kuma, katifar ƙasa ce ta kashe shi. A samo gado mai tsayi daidai ƙugunki, in za ki ɗaga ta ki lanƙwasa gwiwa ba baya ba. Ku kawo ta Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Janar Amadi Rimi ko sau ɗaya a wata, ku zo da wadda za ku ɗauka aikin a nuna mata da hannu, sauran a yi a gida.

Sista Mai Ritaya (Rafindadi): Ga wata shawara kuma. Makarantun koyon aikin lafiya na Daura da Kankiya suna yaye yara duk shekara, da yawansu suna zaune a gida ba aiki. Sun iya awon jini, sun iya wankin ciwo, sun san robar fitsari. Me zai hana irin su Ƴar Mai'adua masu haƙuri da sanin tsofaffi su haɗu da yaran nan masu takarda? Ni zan iya ba da falona ranar Asabar in koyar da juyawa da wanka a gado, kyauta, in akwai masu so.

Ƴar Mai'adua: Sista rubuta sunana na farko. Shekara biyar ba wanda ya taɓa nuna mani, da ka nake yi.

Maman Sadiƙ (Daura): Ni ma a sa ni. Ɗana shekararsa tara, shawara ce ta kama shi kwana uku da haihuwa, aka ce a riƙa shanya shi a hantsi, kafin mu kai asibiti ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ya zama, ba ya magana, amma ya san muryata a cikin mata ɗari. Goya shi nake har yanzu, ƙafafunsa suna bugun gwiwata. Na ji ana ta maganar tsofaffi, to su jinyarsu tana da iyaka, ni tawa ban san ranar ƙarewarta ba, tunanina kullum in na riga shi tafiya wa zai karɓe shi. An ce mani ɗan ruwa ne, an ce in kai shi bakin rafi, har daga cikin dangi. Ba kuɗi nake nema a wurin kowa ba. Awa uku nake nema a mako, in je gidan biki ko gaisuwar mutuwa kamar kowace mace.

Kuma ina so in tuna wa Baban Walid abu ɗaya. A garin nan namu, a Oktoban 2019, 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari suka fito da mutum 67, wasu da sarƙa a ƙafa. Duk duniya ta zagi masu gidan, kuma sun cancanta. Amma wa ya kai su? Iyaye ne da suka gaji, ba mai kama masu, ba inda za su dosa. Dangin da aka hana su neman taimako a fili, a ɓoye suke neman mafita, kuma ba ta yin kyau.

Baban Walid: Maman Sadiƙ, Allah ya saka maki da Aljanna. Ba ni da ta cewa. Ina dai nan a kan cewa kada kuɗi ya sa 'ya'ya su janye jiki gaba ɗaya, su ce ai mun biya.

Ƴar Mai'adua: A nan kam ina bayanka, Alhaji. Na yi gidan da ɗan yake turo kuɗi ta waya daga Abuja a kan lokaci, amma wata bakwai bai leƙo ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai tsohon ya ce in duba ko shi ne. Wannan ba aikin da zan iya yi masa ba ne ko nawa za a biya ni.

Shugaban Zaure: Masu son darasin Sista su rubuta "ni" a ƙasa, mata kawai a wannan karon. Maza masu jinyar iyaye maza, Mai Gashi ya ce zai duba ranar da zai samu.

Ɗan Autan Sabuwar Unguwa: Ni ma a sa ni a na mazan. Tunda Ingila ta faskara, kawuna na nan kwance a Rahamawa.

Maman Ihsan (Ƙofar Marusa): Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana uku. Na bi shawarar Malam Mai Keke. Daren Laraba bayan na shafa mata mai na zauna a bakin katifa na ce, Hajiya, bayana ya matsa mani, ana so a samo wadda za ta riƙa taya ni da rana, amma sai abin da kika ce. Ta daɗe tana kallona, har na yi da-na-sanin magana. Sai ta kama hannuna da na hagunta ta ce, da ƙyar na gane, "Tun yaushe." Sannan ta kafa sharaɗi biyu. Ba ta son yarinya mai latsa waya, dattijuwa take so wadda za su yi hira. Kuma wanka na ranar Juma'a ɗiyarta ta fari za ta yi mata, ba ni ba, ba mai aiki ba. Maigidan ya tara 'yan uwansa jiya ya faɗa masu a gabanta, ita kuma tana gyaɗa kai. Babbar ta yi kuka ta ce ta karɓa, har ta ƙara da kwanan Asabar. Maza uku sun raba kuɗin wata a tsakaninsu. Autarsu dai ta tashi ta fita ba sallama, ta kuma fice daga zauren danginsu na WhatsApp, an ce a ƙyale ta ta huce. Yaya ta Mai'adua ta haɗa ni da wata ƙawarta a Tudun Matawalle, gobe za ta zo su ga juna da Hajiya.

Saura abu ɗaya. An ba mu aron keken guragu, amma dokin ƙofar ɗakinta da na zaure suna da tudu, kusan taku ɗaya. Hajiya ta ce tana so a riƙa fito da ita tsakar gida da hantsi ta ga kajinta. Wa ya san magini mai sauƙi?

Mai Keke na Shadambu (Daura): Kowane magini zai iya, amma ki tsaya a kansa, don in kika bar shi zai yi maki gangara kamar ta wankin mota. Ƙa'idar ita ce duk tudun taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu. In tsakar gidan ba ta kai ba, a karya shi biyu da wurin hutawa a tsakiya. Kada ya shafe simintin ya yi sulɓi, ya ja masa layi-layi da tsintsiya tun yana ɗanye, kuma ya ɗan tayar da baki a gefe biyu don kada taya ta zame. In za a sauko da ita, da baya ake saukowa, ke kina ƙasa. Turo mani hoton ƙofar da faɗin keken in auna maki kafin ku sayi siminti.